Tseren Dawaki a Amurka: Dokar Jiha ko ta Tarayya?

Da can kowace jiha ke tsara dokar tserenta. Hukumar jiha ta san filayenta, gaskiya ne, amma maganin da aka hana doki a nan sai ka tarar an sassauta masa a maƙwabciyar jiha. Tsakanin Disamban 2018 da Yunin 2019 dawaki 30 suka mutu a filin tsere na Santa Anita da ke jihar California kaɗai.

Bayan haka, dokar tarayya ta HISA (dokar tabbatar da gaskiya da kare lafiya a tseren dawaki), ta 2020, ta kawo ƙa'ida ɗaya kan magunguna, bulala da ingancin fili. Ni ita na fi so, domin doki ne ke karyewa. Sai dai jihohin Louisiana da Texas sun kai ƙara kotu kan dokar, ƙananan filaye na kukan tsadar kuɗin da ake karɓa a wurinsu don aiwatar da ita. Caca kuwa har yanzu tana hannun jihohi.