Wata biyar ina aiki da mitar WBGT a wajen gini, ga abin da na gani

Aikina kula da ma'aikata a wajen gini, birkiloli da leburori da masu ɗaurin rodi, kuma gaskiya ba don burga na sayi wannan mitar ta WBGT mai auna zafin da ke dukan jikin mutum a wajen aiki ba, tsorata nayi. Bara lokacin zafi muna zuba kankaren dekin, akwai wani yaro da kwanansa biyu kacal da fara aiki damu, ƙaƙƙarfa ne wallahi, kafin wani ya kai baro ɗaya shi ya kai biyu, wajen ƙarfe ɗaya na rana sai naga ya ajiye baro ya tsaya yana kallon bango, na ƙwala masa kira ya juyo yana bani amsar abin da ban tambaye shi ba, maganar ma harɗewa take yi. Gumi na zuba a jikinsa, shi yasa wasu suka ce ai tunda yana gumi ba zafi bane, yunwa ce kawai a barshi ya huta. Allah ya taimake mu akwai wani dattijo cikin birkilolin da ya taɓa ganin irin haka, shi ya daka mana tsawa yace a kwantar dashi a inuwa a cire masa riga a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita har mota ta zo. Sai da ya kwana a asibiti sannan ya dawo hayyacinsa sosai.

Abin da ya tsaya min a rai shine ranar na duba wayata da safe, lambar zafin da ta nuna irin wadda muka saba aiki a cikinta ce, babu wani abin tada hankali. Ashe lambar waya zafin iska ne da aka auna a inuwa a wata tasha can nesa, ita bata san cewa mu muna tsaye kan dekin ba, rana na dukanmu ta sama, rodi da katako suna maido mana da zafi ta ƙasa, ga iska ta tsaya cak ga danshi.

To wannan giɓin ne mitar take cikewa. Girmanta bai wuce rimot na talabijin ba, sai dai a samanta akwai wani baƙin ƙwallo ƙarami, shi ke shan zafin rana da na bango da ƙarfe kamar yadda jikin mutum ke sha, sannan akwai ma'aunin zafin iska da na danshi a ƙarƙashinsa. Duka sai ta haɗa ta fitar da lamba ɗaya, ita ce WBGT ɗin. Lissafin ba sabo bane, tun shekarun 1950 sojojin Amurka suka fara amfani dashi a sansanin horas da kuratan sojan ruwa na Parris Island saboda yadda zafi ke kayar musu da yara wajen atisaye. A waje cikin rana kashi 70 na lambar daga ɓangaren danshi yake zuwa, kashi 20 daga baƙin ƙwallon, zafin iskar da muke ta kallo a waya kashi 10 ne kawai. Da na fahimci wannan sai na gane dalilin da yasa ranar da aka yi yayyafi da dare gari ya wayi da laima muke fin galabaita ko da rana bata ƙwalle sosai ba, jiki da gumi yake sanyaya kansa, in iska ta cika da danshi gumin baya bushewa, zuba kawai yake yi a banza.

Ranar farko da na kawo ta sai da aka yi gardama, don lambarta ƙasa take da ta waya. Waya na cewa talatin da takwas ita tana cewa talatin da ɗaya, wani lebura yace to oga ai mitarka ma tace akwai sauƙi. Wannan shine abu na farko da zan ja kunnen duk mai saya a kai, 31 a WBGT ba sauƙi bane, wuta ce. Ma'aunin da hukumomin lafiyar ma'aikata na Amurka, NIOSH da OSHA, suke aiki dashi ya nuna wanda jikinsa ya saba da zafi in aiki matsakaici yake yi iyakarsa wajen 28 ce, in aiki mai nauyi ne irin ɗaukar bulo da tura baro wajen 26, sabon zuwa kuma da bai saba ba 25 da 23. In an wuce nan ba wai dole a tashi bane, amma dole a rage aikin a ƙara hutu cikin kowace awa. Ƙasar Katar ma tun 2021 dokarta tace in WBGT ya haura 32.1 a tsayar da aiki gaba ɗaya, ban da hana aikin waje da suke yi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba.

Abin da na fi so da ita, ta kashe min rigimar hutu. Da can in nace a sauko a huta, masu aikin jinga basa so don lokacinsu ne kuɗinsu, in kuma su suka ce sun gaji mai kwangila yace lalaci ne, ni ina tsakiya kowa na ganin laifina. Yanzu ƙararrawa na saita mata, tana yin ƙara kowa ya san ba ra'ayin oga bane, a ajiye shebur a shiga rumfa. Mai kwangilar ma da na fara tura masa hoton lambar duk awa, shi da kansa ya yarda muka maida zuba kankare da hawa rufi zuwa sassafe, aikin ciki kamar filasta da jan waya muka barshi tsakar rana. Sannan ta nuna min wani abu da ban taɓa kawowa ba, rumfar kwanon da muke hutawa a ƙarƙashinta ashe gasa mu take yi, na ajiye mitar a ciki naga bambancinta da waje kaɗan ne saboda kwanon ya yi ƙasa kuma an toshe gefe biyu da buhunan siminti. Muka ɗaga ta muka buɗe gefen iska ta samu hanya, nan take lambar ta sauko, ma'aikatan ma suka ce sun ji a jikinsu.

Batir ɗinta yana daɗewa, wannan babu ƙorafi. Tana da ramin ɗaurawa a ƙafa uku irin ta kyamara, kuma ku nemi ƙafar don riƙewa a hannu baya bada lamba mai kyau, zafin hannunka da inuwar jikinka duk suna shiga lissafi. Ni daidai tsayin ciki nake kafa ta, kusa da inda ake aikin, ba bakin ofis ba.

Yanzu matsalolinta, kuma suna da ɗan yawa. Bata da sauri ko kaɗan, in ka fito da ita daga mota ko ɗaki sai ka bata kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin baƙin ƙwallon ya daidaita, wanda bai sani ba zai kunna ya karanta ya tafi da lambar ƙarya, ga shi kuma tana kashe kanta bayan ɗan lokaci sai ka shiga saiti ka hana ta, na sha dawowa na tarar ta mutu ƙararrawar bata yi ba. Gilashinta ba'a gani sosai cikin rana sai ka kare da hannu. Ƙarar ma in injin kwaɓa kankare yana aiki babu mai ji, dole na ɗora wa mutum ɗaya alhakin leƙa ta. Akwai maɓallin ciki da waje, in ka manta ka barshi a na ciki alhali kana waje lissafin ya canza kenan, kuma ɗan rubutun da ke nuna hakan ƙanƙani ne sosai. Ƙurar siminti tana shiga ramukan ma'aunin danshi, duk yamma sai na kaɗe ta da busasshen buroshi na mayar jaka, bata son ruwa kuma. Sannan a sani, na'urar asali da ake gwaji da ita ƙwallonta faɗinsa santimita 15 ne kuma tana da jiƙaƙƙen lagwani na gaske, wannan ƙaramar kintata take yi ta hanyar lissafi, irin tawa ma bata da ma'aunin gudun iska, don haka ni in ta nuna lamba dab da iyaka ɗauka nake an riga an wuce.

Amma abin da yafi ɓata min rai takardar da ke cikin kwalin ce. Ta koya maka danna maɓalli tsaf, amma babu inda tace in kaga lamba kaza kayi kaza, babu maganar nauyin aiki, babu maganar kayan jiki, alhali mai sanye da kayan kariya masu kauri ko na roba zafin da yake ji yafi abin da mitar ke nunawa nesa ba kusa ba. Sai da na zauna na nemo jadawalin da kaina na rubuta a kwali da manyan baƙi na manna jikin rumfa. Kayan da ran mutane ke rataye dashi bai kamata a sayar dashi haka babu bayani ba.

Kuma dan Allah kar wanda ya saya ya ɗauka shikenan ya gama. Mitar wuri take aunawa, bata auna mutum. Bata san wane ne ya kwana da zazzaɓi ko gudawa ba, bata san mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari ba, bata san sabon zuwa ba, kuma sabon zuwan nan shine a bakin rami, OSHA tace kusan uku cikin huɗu na masu mutuwa saboda zafi a wajen aiki a satin farko abin ke samunsu. Yaronmu na bara kwana biyu ne. Yanzu duk wanda muka ɗauka sabo ranar farko kashi 20 na aikin cikin zafi yake yi, kullum a ƙara masa bai wuce wani kashi 20 ɗin ba, don jiki na buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba, wanda ya yi tafiya ya dawo ma rabin aiki yake farawa dashi. Samarin basa so, suna ganin raini ne, na kan ce musu ba ƙarfinka nake shakka ba, jikinka ne bai koyi gumin wajen ba tukuna.

Ruwa kuma mun daina jiran ƙishi, kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, kusan lita ɗaya kenan a awa, amma kar a wuce lita ɗaya da rabi a awa don shima yawansa yana da illa, in an daɗe ana gumi awanni sai a haɗa da ruwan gishiri da sukari na fakiti. Tankin ruwan na matso dashi gindin aikin, don na lura in sai mutum ya sauko bene biyu kafin ya sha to haƙura zai yi. Na koya musu duba fitsari, in yayi duhu ko ya ragu to ruwa bai isa ba, kuma ba maganar ranar kaɗai bace, ƙoda ce ke shan wahala a hankali, masu yankan rake a Nikaraguwa da El Salbado da yawa ciwon ƙoda ya cinye su suna da ƙuruciyarsu. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO a rahotonta na 2024 tace ma'aikata biliyan 2.41 ne ke aiki cikin zafin da ya wuce ƙima, kuma kusan 18,970 ke mutuwa duk shekara dalilinsa.

Mun kuma haɗa su bibbiyu kowa na lura da ɗan uwansa, don wanda zafi ya fara taɓa wa ƙwaƙwalwa shi baya sanin halin da yake ciki. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar ƙafa, wannan a sauko dashi inuwa a bashi ruwa kar a barshi shi kaɗai. Amma in ya fara sambatu ko tangaɗi ko jijjiga ko ya suma, ko yana gumi ko baya yi, zafin cikinsa ya iya haura digiri 40, a fara sanyaya shi nan take kafin komai, ruwan sanyi a duk jiki, ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, wani kuma na kiran mota, kuma kar a ɗura wa wanda baya hayyacinsa ruwa a baki. Akwai tamfal da na ware don haka kawai, a kwantar da mutum a ciki a kama gefunan a zuba ruwa da ƙanƙara.

Ko zan sake saya? Eh zan saya, amma mai ma'aunin gudun iska da ajiye bayanai zan nema in na samu hali, don na gaji da rubuta lamba a littafi duk awa. In kana da mutane a ƙarƙashinka a gini ko gona ko aikin kwalta ko gidan burodi ko sito mai rufin kwano, tana da amfani sosai matuƙar zaka bi abin da ta nuna ko da ranar aiki ya matse. Tauraro huɗu na bata cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda takardar nan da kuma kashe kanta da take yi. Yaron ya dawo aiki damu, yanzu shi na ɗora wa kula da mitar, shi ke kafa ta da safe ya kaɗe ta da yamma.