Allurar insulin mai milimita 4: abin da na gani a jikin Inna

Shekara shida ke nan ni nake yi wa Inna allurar insulin safe da yamma, don idonta ba ya ganin lambobin sirinji. Allurar da muka saba da ita 29G ce (G lambar kaurin allura ce), tsawonta kusan milimita 13. Inna kuwa dama ba ta da jiki, ciwon sukari ya ƙara ramar da ita. Da ta hango ni da sirinji sai ta kawar da kai: "Ke 'yar nan, yau dai ki ƙyale ni, ban ci abin kirki ba." Akwai ranakun da tausayi ya sa na ƙyale ta, har yau abin yana damuna.

Wata uku da suka wuce likitanta ya mayar da ita kan biron insulin, wato abin allura mai kama da biro da maganin ke cikinsa, ya rubuta mana allura 32G mai milimita 4. Lambar nan ta G a juye take, in ta hau, allurar siranta take yi. Wadda ake yi wa mutum a ɗuwawu a kemis, mai koren gindi, 21G ce, kaurinta milimita 0.8. Sabuwar tamu kuwa 0.23, sai na kai ta bakin taga nake ganin tsininta sosai.

Ranar farko na soka mata a ciki, na ƙirga goma, na zare. Tana nan ta runtse ido tana jira. "To yi mana," in ji ta. Na ce, "Inna, ai an gama."

Gajartar ma ta fi sirantar burge ni. Kitsen ƙarƙashin fata ake so insulin ya zauna, kaurin fatar kuwa bai wuce kimanin milimita 2 ba. Doguwar allura a jikin ramamme tana iya kaiwa tsoka, ga zafi, ga maganin ya shiga jini da gaggawa sukari ya faɗi. Da likitan ya yi mini wannan bayani sai na tuna daren da Inna ta jiƙe sharkaf da gumi tana karkarwa, muka riƙa ɗura mata ruwan sukari.

Inda take da wuya shi ne kuɗi. Kwali mai 100 kwana 50 yake yi mana, kuma ba kowane kemis ake samu ba. Na taɓa maimaita guda ɗaya har kwana uku don in yi tattali, a na ukun Inna ta zabura, tsinin ya dakushe. Ban sake ba. Sannan ramin allurar ƙanƙane ne, dole a danna biron a hankali, in an yi saurin zarewa sai a ga ɗigon magani a fata.

Jiya da magariba ita ta aiko jikarta ta kira ni, wai lokacin allura ya yi.