Kocin da ke horar da 'yata ƙwallon raga, da dalilin da ya sa nake tallafa masa

Iyaye da dama sun tambaye ni game da kocin da 'yata take zuwa atisayen ƙwallon raga a wurinsa: ko ya cancanci a kai masa yaro, ko ya cancanci a sa hannu a aljihu a taimaka masa. Ya cancanci duka biyun. Akwai inda yake buƙatar gyara, kuma zan faɗa.

Mutumin Kirista ne, bai kuma ɓoye ba. Tun ranar da aka kawo yaro yake gaya wa iyaye cewa ana buɗe atisaye da gajeriyar addu'a, a rufe da aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki da ɗan bayanin da ba ya wuce minti biyar. Wanda ba ya so sai ya tsaya gefe, babu mai harararsa. Na sa ido sosai a kan wannan, domin ni ma Kirista ce, kuma ba na son a mai da wasa tarkon kama 'ya'yan mutane. Akwai yara a tawagar da ba addininmu ɗaya ba, ban taɓa ganin an rage wa ɗayansu lokacin wasa don bai sunkuyar da kai ba. Kyaftin ɗin 'yan matan ma cikinsu take.

Wata uwa ta taɓa ce mini me ya haɗa addu'a da ƙwallo. Ai wasan kansa a hannun ƙungiyar Kirista aka haife shi. A 1895 William G. Morgan, malamin motsa jiki na YMCA, ƙungiyar samari Kiristoci, a garin Holyoke da ke jihar Massachusetts ta Amurka, ya ƙirƙiro shi saboda magidantan da ƙwallon kwando ya yi wa tsauri. Shi ma ƙwallon kwandon a makarantar YMCA ta Springfield James Naismith ya fito da shi a 1891. Ƙungiyar, wadda aka kafa a Landan a 1844, alamarta kusurwa uku ce: ruhu, hankali da jiki. Koci yakan ba yaran wannan tarihin, kuma a kansa ya ɗora aikinsa.

Amma addu'a ba ta koya wa yaro tare ƙwallo, don haka abin da na fi dubawa shi ne ko ya san aikin. Ya sani. Sabon yaro yakan daɗe yana koyon tarewa da damtse kafin a bar shi ya yi tsalle ya doka. Zai kama hannuwan yarinya ya haɗa su, manyan yatsu biyu gefe da gefe, gwiwar hannu a miƙe, ya ce, “Durƙusa, 'yata. Ƙafa ce ke tura ƙwallo, hannu allo ne kawai.” Farkon zuwan 'yata hannuwanta sun yi ja sun kumbura, har na yi tunanin cire ta. Ya ce mini, “Mama, ki yi haƙuri, fatar za ta saba,” sannan ya ba ta ƙwallo marar nauyi na masu koyo maimakon na gasa mai giram 260 zuwa 280. Ragar ma yana sauke wa ƙananan yara ita. Sai sun girma ake ɗaga ta zuwa mita 2.24 na mata ko 2.43 na maza.

Inda na fi ganin bangaskiyarsa shi ne a tsakiyar fili, ba a lokacin ayar ba. A wannan wasa mutum shida ne a kowane ɓangare, taɓawa uku kawai aka yarda wa tawaga kafin ƙwallo ya tsallaka raga, kuma ba a yarda mutum ɗaya ya taɓa sau biyu a jere ba. Ke nan komai gwanintarka sai ka dogara da wani. Koci ya riƙe wannan gam. A atisaye, idan yaro mai tsayi ya mayar da ƙwallo da bugu ɗaya don ya burge, ba a ƙirga makin. Bayan kowane maki, an ci ko an faɗi, sai su shida su haɗu a tsakiya su tafa, kuma wanda ya ɓata wasan shi ake fara dafawa.

A wani wasan sada zumunci an kai 24 da 24, kuma sai an ba da ratar maki biyu ake cin zagaye. Wata yarinya tamu ta yi tsalle ta doka, ƙwallo ya faɗi a filin abokan karawa, alƙali ya ba mu maki. Sai ta ɗaga hannu ta ce hannunta ya taɓa raga. Alƙalin bai gani ba. Aka mayar da makin, muka rasa zagayen. Wasu iyaye sun yi gunaguni, na ji su da kunnena. Koci kuwa ya je ya riƙe kanta da hannu biyu ya ce, “Allah ya yi miki albarka.” Bai yi wa'azi a kai ba, aka ci gaba da wasa. Da muka koma gida, 'yata ba ta yi zancen rashin nasarar ba, zancen yarinyar ta yi ta yi.

Sai gyaran. Yara sun yi masa yawa, raga ɗaya ce, don haka wasu kan daɗe a layi kafin ƙwallo ya zo hannunsu. Ba ya iya cewa a'a ga yaron da aka kawo, wannan alheri ne, amma yana rage ingancin horon. Babu mace babba da ke tare da shi a kai a kai alhali rabin yaran 'yan mata ne. Ba zarginsa nake yi ba. Duk wurin da ake tara yara ya kamata a sami manya fiye da ɗaya, don kariyar yaran da ta kocin kansa. Sannan ba ya rubuta abin da aka ba shi da yadda aka kashe. Na yarda da amanarsa, amma mai bayarwa daga nesa yana da haƙƙin ganin lissafi, kuma na gaya masa haka ido da ido. Ya karɓa ba tare da ɓacin rai ba, yanzu wani uba ne ke riƙe da littafin.

Ga mai son taimakawa, kuɗi ba shi ne kan gaba ba. Ƙwallaye suna saurin lalacewa, ana buƙatar raga ta biyu da sandunanta, matashin gwiwa ga masu zubewa ƙasa don ceto ƙwallo, da akwatin taimakon gaggawa. Ana buƙatar mai mota ranar wasan waje. Ni na ɗauki nauyin zama a gefen fili a wasu ranakun, ina kula da ruwan sha da 'yan matan. Abin da muke haɗa hannu a kai yanzu shi ne mu tura shi kwas ɗin horarwa mai takardar shaida, irin wanda hukumomin wasan na ƙasashe ke shiryawa a ƙarƙashin FIVB, hukumar duniya da aka kafa a 1947, kuma muna neman mace ɗaya da za ta tafi tare da shi ta dawo mataimakiyarsa.