Wajen koyon haɗa sola da na shiga a Kubwa

Jama'a da yawa suna ta tambayata wajen nan da na koyi haɗa sola a Kubwa wai ya cancanci kuɗin ko a'a, to bari in faɗa muku abin da na gani da idona.

Ni dai shekara huɗu na yi a Abuja bayan bautar ƙasa ina yawo da fayil daga Sakatariya zuwa Wuse zuwa Garki, kullum a ce ka ajiye CV za mu kira ka, daga Mararaba nake shigowa kuma tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya karya mutum. Mutanen gida gani suke wanda ke Abuja ya gama hayewa, alhali alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa (NBS) na 2023 sun ce rashin aiki a Abuja kashi 14.1 ne, ƙasa baki ɗaya kuma 5.4, kusan ninki uku kenan fa, kuma a lissafin da ko awa ɗaya ka yi aiki a sati an sa ka cikin masu aiki. A ƙauye ko ba komai akwai gona, a nan kuwa kowa ofis yake jira shi ya sa jiran ke tsawo.

Da jiran ya ishe ni sai na shiga koyon sola, wata uku na yi a wajen. Abin da ya fi burge ni tun satin farko aka ba mu mitar gwada wuta da waya a hannu, ba zaman allo ba, oga yana ɗaukar mu mu je gidajen kwastomomi a Gwarinpa da Dutse mu hau rufi mu ɗaura fanel, ya koya mana lissafin lodi yadda ba za ka haɗa wa mutum batirin da zai mutu tsakar dare ba, kuma wallahi mutumin yana da haƙuri ko sau biyar ka tambaya zai sake maka bayani.

Matsalar su ita ce cunkoso, mun yi yawa inbata (na'urar da ke juya wutar batir zuwa wutar gida) biyu kacal, wani lokacin ka wuni ba ka taɓa ba. Sannan ba sa ba da kayan aiki in ka gama, sai da yayana ya ranta min na sayi mita da dirili. Batirin litiyom ma sama-sama aka yi mana shi alhali yanzu shi ake yayi.

Duk da haka zan ce mutum ya je, amma ya nemi ajin safe ya fi sauƙin mutane. Ni yanzu ina bin wani oga aiki a Lugbe, jibi ma muna da haɗi a wani shagon magani in Allah ya kai mu.