Firizar Sola a Shagon Kayan Sanyi: Inda Ta Biya da Inda Ta Gaza

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin masu sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya ya dagule, domin litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. Janareton da ya kasance madogarar duk mai firiza ya koma cinye ribar yini tun kafin la'asar. Wannan ne ya sa na sayi firiza mai aiki da hasken rana a wani shago a Sabon Garin Kano, kuma yanzu da ta ga bazara da damina da hunturu a shagona, zan iya faɗin yadda na same ta.

Firizar tana jan wuta kai tsaye daga batir ba tare da inbata ba, kuma an haɗo ta da farantan sola da na'urar daidaita caji. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da rana ta fi ƙuna, musamman da azumi ya faɗo cikinsu, aikinta ya gamsar da ni ƙwarai: ledojin ruwan da aka jera da safe sukan daskare kafin masu neman ƙanƙarar buɗa-baki su fara layi. Amfaninta ya ƙara fitowa fili a Oktoban 2024, sa'ad da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka kwashe kwanaki cikin duhu, ƙanƙara kuma ta yi wuya a gari. Ga wanda ke rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wutar lantarki na tsawon sa'o'i, inda NERC, hukumar kula da harkar lantarki, ta ɗaga kuɗin wuta zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, sauƙin ya ninka.

Sai dai akwai abin da mai shagon bai gaya mini ba. Batirin da ya haɗa mini ya yi wa firizar ƙanƙanta, don haka a watan Agusta, idan hadari ya rufe rana yini guda, fitilar na'urar caji takan koma ja tun kafin asuba, injin ya tsaya, kayan sama su fara narkewa. Da na koma da ƙorafi, sai ya ce in sayi batirin lithium, wanda kuɗinsa ya kusa kamo na firizar kanta. Garantin da ya yi mini da baki kuma bai amfane ni da komai ba. A hunturu matsalar ƙura ce. Idan ba a goge farantan da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya ba, caji yakan ragu sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne farashi. Kusan duk kayan daga Sin ake shigo da su, kuma tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a Yunin 2023, ɗan kasuwa sai ya duba farashin dala a wayarsa kafin ya yi maka ciniki. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, kuɗin ruwa a bankuna kuma ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa, ta yadda matar da ke zoɓo a gida, wadda ta fi kowa buƙatar wannan firiza, ita ce ba za ta iya tara kuɗinta a dunƙule ba. Da gwamnati da bankuna za su samar da tsarin biya a hankali, da sana'o'i da yawa sun farfaɗo.

Mai halin saye ya saya, amma ya tafi da ma'aikacin sola da ya amince da shi, ya tabbatar batirin zai riƙe firizar dare guda cur, sannan ya karɓi garanti a rubuce kafin ya biya.