Sifesa ta yara masu asma: abin da na gani bayan na yi amfani da ita

Masu tambayata ko nebulaiza (injin da ke mayar da magani kamar turiri yaro ya shaƙa) za su saya ko sifesa (robar da ake haɗawa da inhela), ni dai sifesa na zaɓa kuma har yanzu ban yi da-na-sani ba.

Yarona ɗan shekara 4 ne, da zarar hunturu ya shigo Kano ƙura ta tashi shikenan babu barci, tari cikin dare, ƙirji na ta fito. Ranar da abin ya yi tsanani sai imajensi na yara muka nufa, haƙarƙarinsa har lotsawa yake in ya ja numfashi, magana ma ba ya iya haɗawa. Nas ta maƙala masa ɗan abin nan na yatsa, oksijin ɗinsa ya yi ƙasa da 92, nan take suka sa masa oksijin, suka ba shi salbutamol da ipratropium ta nebulaiza, sannan prednisolone na kwana 3. Da za a sallame mu na ce wa likita nima injin nan zan saya, ya ce Hajiya in aka ɗauke wuta ƙarfe biyun dare fa? Ya rubuta min sifesa mai abin rufe hanci da baki.

Ba wani abu ba ne, roba ce kamar ƙaramar gora, ka cusa inhela shuɗiyar nan Ventolin, wato salbutamol, ta baya, yaro ya shaƙa ta gaba. Amfaninta shine ƙaramin yaro bai iya daidaita fesawa da jan numfashi ba, sai maganin ya tsaya a baki da maƙogwaro, amma da sifesa maganin na tsayawa cikin robar har ya ja shi zuwa huhu. A girgiza inhela, fesa ɗaya, ya ja numfashi sau biyar ko shida, sannan a sake wata. Kar a danna uku lokaci guda don sauri, asarar magani ce kawai. Babu ruwanka da NEPA, babu ƙarar inji da ke firgita yaro, a jaka nake yawo da ita har biki.

Inda ta ban wahala farkon fara amfani ne, kuka yake yana fizge ta, kuma yaro mai kuka maganin baya shiga da kyau, sai da na riƙa sa wa ɗan tsanansa tukunna ya yarda. Wanki ma da ƙa'ida, ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, a barta ta bushe da kanta, in ka goge da tsumma maganin manne wa jikin robar yake yi. Bayan yaro ya shaƙi maganin kuma za ka ga hannu na ɗan rawa zuciya na bugawa da sauri, aikin salbutamol ne, yana wucewa.

Amma don Allah iyaye, sifesa ba asibiti ba ce. In an fesa bai samu sauƙi ba, ko leɓe ya fara canza launi, ko yaro ya yi laƙwas ya kasa sha, a tafi imajensi ana ci gaba da fesa masa a hanya, kar a tsaya shafa man zafi ko jiran gari ya waye. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa kuwa tuni na fitar da su daga ɗakinsa duk da mitar kakarsa.

In za ku saya ku faɗa wa mai kemis shekarun yaron, abin rufe fuskar girma-girma ne, in ya yi masa yawa maganin ta gefe yake tsiyayewa.