Wane Injin Haƙa ta Ƙarƙashin Titi Ya Dace Mai Fara Sana'a Ya Saya?

Tun da gwamnatin tarayya ta amince a 2024 da shirin shimfiɗa wayar intanet ta fayiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin Najeriya, 'yan kwangila da dama suka fara tambayar farashin injin da ke ɓula ƙasa ya ratsa ƙarƙashin titi, ya jawo bututu ko kebul ba tare da an fasa kwalta ba. Sana'a ce mai amfani, amma jarinta yana da nauyi, saboda haka ya kamata mutum ya san irin ƙasar da zai haƙa kafin ya tambayi kuɗin inji.

A Kano da Kaduna da Abuja da Jos, sau da yawa ba a yin nisa ƙarƙashin marmara sai a tarar da dutse, alhali a Maiduguri da Sakkwato yashi da laka ne suka fi yawa. Injin da ke da sanda guda, wato dogon ƙarfen da ake haɗawa gaɓa-gaɓa yana tura bakin haƙa cikin ƙasa, yana juya akalarsa ne ta hanyar tura bakinsa mai karkata cikin ƙasa mai laushi, kuma da zarar ya ci karo da dutse sai ya kasa. Wanda zai yi aiki a ƙasar dutse yana bukatar inji mai sanda biyu, ɗaya cikin ɗaya, irin AT30 na Ditch Witch, ko da yake ya fi tsada ƙwarai.

Dangane da kamfani, Vermeer da Ditch Witch na Amurka sun yi suna wajen ƙarko, kuma darajarsu ba ta saurin faɗuwa idan an zo sayarwa, sai dai sabonsu ya fi ƙarfin yawancin masu farawa. XCMG na ƙasar Sin ya fi araha nesa ba kusa ba. A nan akwai abin lura, domin lambar da ke jikin JT20 na Ditch Witch tana nufin ƙarfin ja na kimanin tan 9 ne, ita kuwa ta XZ200 na XCMG kimanin tan 20 take nufi, don ma'aunin da suke bi ya bambanta. Ƙaramin inji ya wadatar ga fayiba da ƙananan bututun ruwa, kuma ya fi sauƙin shiga lungunan gari.

Inji na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, yana da jan hankali, amma kada a tsaya ga awannin da agogonsa ya nuna. A sa makaniki ya tayar da shi, ya duba ko famfunan mai suna yoyo, sannan ya kwance sandunan ya kalli haƙoran da ke haɗa su, domin sandar da ta karye a tsakiyar titi takan tafi da bakin haƙa da na'urar aika sigina da ke cikinsa gaba ɗaya. A ganina, gara sabon inji na Sin da ake samun kayan gyaransa a cikin ƙasa da tsohon na Amurka da za a yi makonni ana jiran abin gyaransa daga waje.

Kuɗin inji ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Dole a sayi na'urar bin sawu irin DigiTrak, wadda ma'aikaci ke riƙewa yana tafiya a saman ƙasa tana nuna masa zurfin bakin haƙa da inda ya dosa, sannan a tanadi tankin dama ruwa da bentonayit (wani irin yumɓu da ake turawa cikin ramin don ya riƙe shi kuma ya fitar da ƙasar da aka haƙa), da ƙarafan faɗaɗa rami waɗanda akan so faɗinsu ya kai ɗaya da rabi na bututun, da motar ɗauka. Wanda kuɗinsa bai isa waɗannan duka ba, gwamma ya fara da haya, ya horar da direban inji da mai bin sawu, har ya sami kwangilar da za ta riƙe shi.